RIZISTA: ƊAN ƘARAMIN ABIN DA KE TSARE FITILA DA REDIYO DAGA ƘONEWA

Duk ma'aikacin da aka taɓa turawa aiki Babban Mutum, garin nan na Ƙaramar Hukumar Baure da ke ƙasar Daura, daf da iyakar Nijeriya da Jumhuriyar Nijar ta wajen Magarya, ya san cewa hasken dare a irin waɗannan garuruwa ya fi dogara ga batir da farantin sola da 'yar tocila. Malamin makaranta da malamin asibiti da ɗalibin da ke shirin jarrabawa, kowannensu yana da wata 'yar na'ura da yake lallaɓawa, wadda idan ta mutu dare ya yi masa tsawo. Ko mutanen manyan birane ma sun ɗanɗana wannan hali a watan Oktoba na 1924 da ƙari ɗari, watau 2024, sa'ad da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu har tsawon kwanaki.

To, a cikin kowace irin na'ura daga cikin waɗannan, tun daga rediyo har zuwa cajar waya, akwai wani ɗan abu mai kama da ƙwayar shinkafa, da ƙafafu biyu na siririyar waya, an zana masa zobba masu launi a jiki. Masu gyaran rediyo suna kiransa rizista. Yana daga cikin mafi arha a kayan lantarki, amma kuma da wuya a buɗe wata na'ura a rasa shi, kuma rashin sanin aikinsa ya sha jawo wa mutane hasarar kaya masu tsada.

Aikin rizista ɗaya ne: tauye gudun wutar lantarki. Ba shi toshe hanya gaba ɗaya kamar macijin rijiyar Kusugu, wanda aka ce yana hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Shi dai yana ƙuntata hanyar ne, ya bar wuta ta wuce gwargwadon abin da ake bukata. Mutumin Babban Mutum zai fi saurin ganewa idan aka kwatanta masa da shingen bakin iyaka. Motoci suna isowa, shinge ya sa su bi layi su wuce ɗaya bayan ɗaya, kuma motocin da suka fita ta wancan gefe daidai suke da waɗanda suka shiga ta wannan. Haka wuta take: yawan da ya shiga rizista ta ƙafa ɗaya shi ne yake fita ta ɗayar. Abin da ke raguwa shi ne ƙarfin turawarta, wanda yake juyewa ya zama zafi. Wannan wuri ne da ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, suna zaton rizista yana shanye wani kaso na wutar ne.

Abubuwa uku ake aunawa a nan. Akwai ƙarfin turawa, wanda ake auna shi da bolt. Akwai yawan wutar da ke gudu a cikin waya, wanda ake auna shi da amfiya, amma da yake amfiya guda ta yi wa ƙananan na'urori yawa, sai a kasa ta dubu, a kira kowane kashi miliamfiya. Sa'an nan akwai turjiya, watau ƙin barin wuta ta wuce, wadda ake auna ta da om.

Sunan nan om an samo shi ne daga wani Bajamushe, Georg Simon Ohm, ɗan maƙerin makullai, wanda aka haifa a 1789. Malamin makarantar sakandare ne a birnin Kolon sa'ad da ya yi gwaje-gwajensa da wayoyi iri iri, ya buga sakamakon a cikin wani littafi a 1827. Manyan masana na ƙasarsu ba su ɗauki aikin da daraja ba da fari, sai a 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta ba shi lambar girma, kana a 1881 wani taro na ƙasashen duniya a Faris ya tabbatar da sunansa a kan ma'aunin turjiya. Ƙa'idar da ya gano gajeriya ce: idan aka raba yawan bolt da yawan om, abin da ya fito shi ne amfiya. Batir mai bolt 12 da aka haɗa da rizista mai om 1,000 zai tura miliamfiya 12. In aka ninka turjiyar sau biyu, wutar ta ragu da rabi.

LISSAFIN FITILA GUDA

Misalin da ya fi kusa da mai koyo shi ne ɗan ƙwan fitilar nan na zamani da ake kira LED, wanda ya kori ƙwan tocila na dā daga kasuwa. Wannan ƙwai yana da wani hali: da zarar ƙarfin wuta ya ɗan haura abin da yake bukata, sai ya buɗe baki ya yi ta zuƙa ba ƙaƙƙautawa har ya ƙone. Yaron da ya jona shi kai tsaye a kan batirin babur zai ga walƙiya sau ɗaya, shi ke nan. Ba ƙwan ne jabu ba, kamar yadda aka saba ɗora wa mai sayarwa laifi. Rizista ne ba a sa ba.

Ga yadda ake lissafin. Ɗan ƙaramin jan ƙwai yana ɗaukar kimanin bolt 2, kuma ba a so wutar da ke ratsa shi ta wuce miliamfiya 20. Batirin yana ba da bolt 12, saboda haka akwai rarar bolt 10 da dole wani abu ya ɗauke. A raba 10 da 0.02, watau miliamfiya 20 ke nan a lissafin amfiya, sai a sami om 500. Da yake masana'antu ba su cika yin mai 500 cif ba, abin da za a tarar a wurin mai kaya shi ne 470 ko 560.

A takarda lissafi ya ƙare ke nan, amma a aikace akwai saura, kuma a nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. Batirin da aka rubuta wa bolt 12 ba kullum yake tsayawa a 12 ba. Idan rana ta take farantin sola yana cika shi, ko injin babur yana aiki, yakan haura har wajen 14.4. A wannan hali rarar ta zama 12.4, kuma rizista mai om 470 zai saki kusan miliamfiya 26. Ban da wahalar da ƙwan, shi kansa rizistan zai sha zafi. Ana gane yawan zafin ta hanyar ninka rarar bolt da amfiya, a nan kuwa abin ya kai sulusin wat guda, alhali ƙananan da suka fi yawa a kasuwa rubu'in wat kawai aka yi su su jure. Sai ya yi ta gasuwa har ya yi baƙi. Wanda ya sa mai om 1,000 zai sami wajen miliamfiya 12, hasken ya ɗan ragu kaɗan, zafin bai kai iyaka ba, batir ya daɗe, fitila ta yi shekaru.

Wannan lissafi ne ya sa dogayen zirin fitilun sola masu bolt 12 ake yanka su bayan kowane ƙwai uku. Farin ƙwai yana ɗaukar wajen bolt 3, uku a jere sun ɗauki 9, ragowar 3 kuma ɗan rizistan da ke maƙale kusa da su yake ɗaukewa, sau da yawa mai om 150.

KARATUN LAUNI

Da yake jikin rizista ya yi ƙanƙanta a rubuta masa lamba, masu ƙera rediyo a Amurka suka fito da dabarar zobba masu launi tun wajen shekarun 1920, kuma har yau ita ake bi. Kowane launi yana tsaye a madadin lamba guda: baƙi sifiri ne, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. A kan mai zobe huɗu, zobba biyu na farko lambobi ne, na uku yana faɗin sifiri nawa za a ƙara a bayansu. Rawaya da shunayya da ruwan ƙasa sun ba da 4 da 7 da sifiri ɗaya, watau 470. Ruwan ƙasa da baƙi da ja sun ba da 1 da 0 da sifiri biyu, watau 1,000. Zobe na huɗu, wanda yake ɗan nesa da sauran, yana nuna iyakar kuskuren masana'anta. Ruwan zinariya kashi 5 cikin 100 ne, ruwan azurfa kashi 10. Ke nan mai om 1,000 da zoben zinariya yana iya kasancewa ko'ina tsakanin 950 da 1,050, kuma ba a cuci kowa ba.

Haɗarin yana wurin zobe na uku. A ƙarƙashin rumfa da magariba, ko idan ƙurar hunturu ta rufe kaya, ja da ruwan ƙasa da ruwan lemo sukan yi kama da juna ƙwarai. Wanda ya ɗauki ruwan ƙasa a matsayin ja ya sa om 100 ke nan a inda ake son 1,000, wuta ta ninka sau goma, ƙwai ya tafi. Saboda haka mita, watau ma'aunin nan na hannu mai wayoyi biyu ja da baƙa, ya fi cancanta ya zama abin da mai koyo zai fara saya, tun kafin ƙarfen narka dalma.

A cikin wayar hannu da sauran na'urorin zamani kuwa, rizista ya rikiɗe ya zama ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, wani bai kai ƙwayar gero ba, manne a jikin fanel ba ƙafa. Masu ɗan girma a cikinsu akan rubuta musu lamba uku bisa ƙa'ida ɗaya da ta launi: 102 yana nufin 1 da 0 da sifiri biyu, om 1,000 ke nan, 151 kuma om 150.

Idan ba a sami wanda ake nema ba, kuma Daura ko Kano sun yi nisa, akwai dabara. In aka jera biyu, wutsiyar wannan a kan wancan, turjiyarsu haɗuwa take yi: masu 1,000 guda biyu su zama 2,000. In kuwa aka ɗaure su kafaɗa da kafaɗa, an buɗe wa wuta hanya biyu ke nan, sai su koma 500, kuma su raba zafin a tsakaninsu.

Ba tsaron fitila kaɗai ne aikinsa ba. Abin murɗa ƙarar rediyo rizista ne da ake iya ƙara masa turjiya ko a rage. Akwai wani iri da turjiyarsa ke canzawa da zafi, wanda ake sawa a jikin batir domin caji ya tsaya in ya ɗau zafi, da wani mai canzawa da haske, wanda ke kunna fitila da kansa in duhu ya yi. Dutsen guga da abin dafa ruwa su ma turjiya ce tsagwaronta, sai dai a can zafin shi ne abin nema. Har ma sabon ramin cajin nan da ake kira USB-C yana bukatar 'yan rizista masu om 5,100 kafin caja ta gane an jona mata kaya ta saki wuta. Na'ura mai arha da aka tsuke wa su takan ƙi caji da wata waya, ta karɓa da wata, mai ita ya yi ta zargin caja a banza.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare a rumfunan gyara shi ne a tarar da rizista ya ƙone, a cire shi a ɗaura guntun waya a gurbinsa, na'ura ta tashi, mai kaya ya biya ya tafi yana godiya. Wannan ba gyara ba ne. Sau da yawa ƙonewarsa alama ce cewa wani abu a gabansa ya lalace yana jan wuta fiye da kima, kuma a cikin caja da yawa an sa shi ne musamman domin ya tsinke ya kare sauran kayan, kamar yadda fis yake yi. Wanda ya maye gurbinsa da waya ya cire mai gadi ke nan, abin da zai ƙone nan gaba yana iya zama wayar hannu, ko katifar da aka bar cajar a kai. Daidai shi ne a nemo abin da ya jawo, sa'an nan a sa wani mai om da wat irin na wanda ya mutu. Wajen aunawa kuma a ɗaga ƙafarsa ɗaya daga fanel, domin sauran hanyoyin da ke kewaye da shi sukan sa mita ta nuna ƙasa da gaskiya.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a manhajar makarantunmu. Tun 1982, sa'ad da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4, aka sa darasin gabatarwar fasaha a ƙananan sakandare, aka shigo da kayan aiki daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama kayan suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta ko babu malamin da zai buɗe su. Ƙa'idar Ohm tana cikin abin da ake tambaya a jarrabawar WAEC da NECO, kuma a ƙasar Daura akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019. Duk da haka ba abin mamaki ba ne a sami ɗalibin da ya haddace ƙa'idar bai taɓa riƙe rizista ba, alhali yaron shagon gyara yana canza goma a rana bai san dalilin lambarsu ba. Kayan da za su haɗa waɗannan biyu ba su da yawa: batir, ƙwai guda, rizista uku masu om 470 da 1,000 da 10,000, da mita. Malami ya sa su ɗaya bayan ɗaya, yara su ga haske yana raguwa, su auna, su gwada da lissafinsu. Mataccen rediyo guda ya isa a ciro wa aji rizista da dama na gwaji.

Sai dai wajibi ne mai koyo ya tsaya a kan batir. Wutar gida da ta janareta bolt 230 ce, kuma jikin mutum shi ma yana da turjiyarsa, wadda gumi ko jiƙaƙƙen hannu ke rage ta ƙwarai. Cikin caja da talabijin da inbata akwai kondansa, wanda yakan riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Shi kansa batirin sola, ko da yake bolt 12 ba shi jan mutum, idan waya ko sifana ta haɗa kawunansa biyu yana iya narka ta nan take ya ta da gobara, don haka a sa fis kusa da kansa kafin a fara kowane gwaji.