Yadda Labarin Buffy Ya Bar Talabijin Ya Koma Takarda

A shirin wannan mako mun leƙa Amurka, inda wani wasan talabijin ya ƙare amma labarinsa ya ci gaba cikin littattafan zane, irin waɗanda za ka ga hoto bayan hoto, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa.

Sunan wasan Buffy the Vampire Slayer, in kuwa ta Faransanci ka san shi, Buffy contre les vampires. Joss Whedon ne ya ƙirƙire shi, an nuna shi daga 1997 zuwa 2003, zango bakwai, kashi 144. Labarin wata yarinya ce 'yar makaranta da aka ɗora wa yaƙi da masha-jini. Kada ka ɗauka mayu ne irin na zancenmu. Maye rayayye ne, kurwa ake cewa yana kamawa. Shi kuwa wannan, a tatsuniyar Turawa, gawa ce mai tashi da dare ta sha jinin mutane, kuma ana kashe ta ta hanyar soka mata tsinin itace a zuciya, kamar turken ɗaure dabba.

To, me ya kai labarin takarda? Kuɗi, malam. A talabijin kowane dodo sai an biya masu haɗa shi, kowane ɗan wasa da ladansa. A takarda kuwa, da ƙato da wada duk tawada ɗaya suke ci. A 2007 kamfanin Dark Horse ya fara buga zango na takwas, Whedon na lura da rubutun, Georges Jeanty na yin yawancin zanen. Fitowa 40 aka yi har zuwa 2011. Nan ka ga abin da talabijin ba ta iya ɗauka ba: Buffy na jagorantar rundunar 'yan mata daga wata tsohuwar fada a Sikotilan, ƙanwarta Dawn kuma ta zama ƙatuwa, ta fi soro tsawo.

Sai dai fa riba ba ta zo ba hasara ba. Babu muryar Sarah Michelle Gellar, wadda ta fito a Buffy, babu kiɗa. Wasu masoya sun ce labarin ya yi girman da ya manta da abin da ya ja su tun farko, wato yarinya da abokanta da damuwarsu ta yau da kullum. Zangon da ya biyo baya sai aka rage hayaniya, aka mayar da ita zaman haya a San Faransisko.

Ga inda zancen zai yi maka kama da na gida. Dark Horse kiwon amana ya yi. Shekara 20 ya yi yana ɗawainiya da labarin, tun 1998, amma kamfanin Fox ne mai shi a lokacin. A 2018 aka rufe da zango na goma sha biyu, mai dukiya ya karɓi abinsa. A 2019 Boom! Studios ya karɓa, ya fara labarin daga tushe, Buffy ta koma 'yar makaranta a zamanin wayar hannu.

Saboda haka in littafin ya faɗo hannunka, duba sunan kamfani a bango kafin ka biya. In ci gaban wasan talabijin kake nema, na Dark Horse mai ɗauke da lambar zango za ka tambaya.