Harafi 960 a daƙiƙa: lissafin wayar da ke haɗa kwamfuta da firinta

A 1978 hukumar UNESCO ta tara masana harsuna a Yamai, suka tsayar da jerin haruffan rubuta harsunan Afirka, ciki har da ɓ, ɗ da ƙ na Hausa. Shekara huɗu bayan haka, a 1982, Epson HX-20 ta shiga kasuwa, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko da ake ɗauka a jaka. TRS-80 Model 100 ta biyo baya a 1983, batura huɗu na riƙe ta wajen awa 20. A birnin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai rubutu bai zama takarda ba sai ya bi ta waya ya isa firinta, kuma alƙaluman wannan waya ne suka yanke abin da zai fito da abin da zai salwanta.

Sunan ƙa'idar wannan waya RS-232, tun 1960 take. Bayani na tafiya ne a layi guda, bit ɗaya bayan ɗaya. Kowane harafi bit 8 ne, a sa masa ɗaya a gaba na buɗewa, ɗaya a baya na rufewa, ya zama 10. Saboda haka lissafin mai sauƙi ne: raba gudun waya, wanda ake aunawa da bod, da goma. Bod 300 harafi 30 ke nan a daƙiƙa, bod 1,200 harafi 120, bod 9,600 kuma harafi 960. Shafi mai harafi 3,000 zai ci daƙiƙa 100 a gudu na farko, 25 a na biyu, uku da ɗoriya a na uku.

Mai gani zai ce a zaɓi mafi sauri kawai. A nan ne aka fi yin asarar takarda. Epson MX-80 ta 1980 harafi 80 take bugawa a daƙiƙa. Ƙaramar Diconix 150, ta ɗauka a hannu, tana kai 150. Idan kwamfuta na turo 960 firinta na buga 80, kowace daƙiƙa harafi 880 ke taruwa. A ce ma'ajiyar firintar na ɗaukar 2,000: kafin daƙiƙa uku ta cika, sauran ya zube, kamar mai juye bokiti a bakin kwalba. Fiye da rabin shafin farko ya fito sumul, daga nan kalmomi su riƙa yankewa. Maganin shi ne firinta ta samu hanyar cewa "dakata". Ko ta aika lamba 19, in ta samu sarari ta aika 17, ko ta sauke wutar tsinke na 20 da ke bakin wayar. In kwamfuta na sauraron hanya ɗaya firinta na magana ta ɗayar, babu abin da zai gyaru, duk kuwa da lafiyar na'urorin biyu.

Tsinkayen ma da nasu rikicin. A kan waya mai tsinke 25, na 2 ne ke aikawa, na 3 ke karɓa, na 7 na ƙasa. A mai tsinke 9, wanda IBM ta kawo a 1984, an juya: na 2 ke karɓa, na 3 ke aikawa, na 5 na ƙasa. Kwamfuta da firinta sau da yawa duk ta tsinke ɗaya suke aikawa, sai mai gyara ya gitta wayoyin biyu da dalma.

Alƙalamin da ya fi shafar Yamai, a ganina, shi ne bambancin 7 da 8. Bit 7 na ba da gurbi 128, iyakar jerin ASCII ke nan, wanda aka tsara don Turancin Amurka. Bit 8 na ba da 256. A jerin kwamfutocin IBM, harafin é na Faransanci lambarsa 130. In an saita waya a kan bit 7, sai 128 ta faɗi, 2 ta rage, ita kuwa 2 umarni ce ba harafi ba. Takardar ofis sai ta fito da giɓi duk inda é yake. Faransanci dai ya samu mafita da an ɗaga zuwa 8. Hausa ba ta samu ba, don ko cikin 256 ɗin babu ƙ, babu ɗ. Haruffa masu lanƙwasa da aka amince da su a taron Yamai ba su da lamba ko ɗaya a wannan jeri.

Akwai dabara, kuma lissafinta ya cancanci a duba. Firintocin allura tara irin Epson FX-80 suna yarda a zana masu sabon harafi, ɗigo-ɗigo, da bayit 12 kowanne. Haruffa huɗu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana, takwas ke nan, bayit 96. A bod 1,200 bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Abin da ya tsaya tsakanin Hausa da takarda ke nan, ƙasa da abin da layi biyu na rubutu ke ci. Amma zanen a ma'ajiyar wucin gadi yake zama, da wuta ta ɗauke ya goge, sai an sake turawa. Kuma dole wayar ta kasance a bit 8, in ba haka ba layin ɗigo guda na kowane harafi ya ɓace.

Unicode ta zo a 1991 ta ba ƙ lamba 409, USB kuma ta fara ture tsohuwar kafa daga 1996. Duk da haka RS-232 na nan a sikeli da ƙananan firintocin rasit na kantuna da kyamis, galibi a bod 9,600. Da yawansu jerin 256 suke aiki da shi har yau, kuma 409 ta wuce 255. Mai shagon da ya so sunan kayansa ya fito da ƙ a rasit, in firintarsa irin wannan ce, sai ya koma ga dabarar zanen nan ta shekarun 1980.