Malam Buɗe-Littafi: Mu Ɗauki Hotonsa Kafin Mu Yi Feshi

'Yan'uwa manoma, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu akwai zanen shanu wanda mutanen dā suka bari a jikin dutse. Abin da suke gani kullum shi suka zana. Mu kuwa yau yawancin ƙungiyoyinmu ba su rasa mai wayar hannu wadda ke ɗaukar hoto. Muna so mu nuna yadda za a mori wannan waya wajen sanin malam buɗe-littafi da danginsa, gama rashin saninsu yana cinye wa manomi kuɗi da hatsi.

Kowane malam buɗe-littafi daga ƙwai ya fara, ya zama tsutsa, ya kwanta cikin kwasfa, sa'an nan ya fito da fikafikai. Tsutsar ce mai ci. Na rana yana da ɗan ƙulli a bakin gashin kansa, in ya sauka kuma yakan haɗa fikafikansa sama kamar an rufe littafi. Na dare, watau masu zuwa wurin fitila, sukan kwantar da nasu kamar jinkar ɗaki. Manyan maɓarnatan gonakinmu daga cikin na dare suke.

Ku dubi mai ruwan goro ɗin nan, mai baƙin bakin fiffike da farin ɗigo. A kan tumfafiya yake saka ƙwai, tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, dafin kuma ya zauna a jikinsa har tsuntsu ba ya son cinsa. Ba ruwansa da gero ko wake. Babban baƙin nan mai ɗigon rawaya kuwa lemo yake nema. Tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take. Tana iya cinye ganyen dashe, amma tsincewa da hannu ya isa.

Tsutsar masara ita ce abin tsoro. Daga nahiyar Amurka ta zo, an fara ganinta a Nijeriya a 2016. Uwarta da dare take tashi, ta saka ƙwai ɗari ko fiye a wuri guda a jikin ganye. Ana gane tsutsar da alamar Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. Haka nan akwai mai huda furen wake da kwansonsa, wadda saboda ita Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T a 2019. Ido yakan ruɗe a kan waɗannan ƙananan alamu, amma hoton da aka ɗauka kurkusa ba ya ɓoye su.

Ga yadda za a yi. A fita da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, domin sanyi yakan hana shi tashi. A share gilashin kyamara da bakin riga. A matso sannu a hankali, a durƙushe, kada inuwarka ta faɗa masa, in ta faɗa ya tafi ke nan. A tsaya kamar taki ɗaya daga gare shi, a taɓa fuskar waya daidai inda kansa yake har ya fito sarai. Kada a jawo hoto daga nesa, gama yakan dushe. A kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, a riƙe numfashi, a ɗauka sau uku ko huɗu. In tsutsa ce ko ƙwai, a ajiye tsinken ashana kusa domin a san girmanta, a ɗauki kai da wutsiya, da ɓarnar da ke jikin ganyen. Mai son koyo ya tafi fadama ko bakin rafi a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba. Nan sukan taru a kan jiƙaƙƙen yashi suna shan gishirin ƙasa, ba su cika gudu ba.

Hoto ba rana ba wuri rabin aiki ne. Sakataren ƙungiya ya rubuta kwanan wata, da sunan ƙauye, da irin shukar. In ƙungiyoyin Gwaram da na Birnin Kudu suka riƙa yin haka, bayan damina biyu ko uku za mu san makon da kowace tsutsa ke fara bayyana, mu riga ta shiri. A nuna wa malamin gona na JARDA hoton kafin a sayi magani. Feshin da aka yi a makance yana kashe ƙudan zuma masu taimakon fure, da zanzaro da sauran ƙwari masu cin tsutsa, ga kuɗi ya tafi a banza.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta zaɓi matasa biyu, mace da namiji, su riƙa zaga gonaki sau ɗaya a mako. Ku kawo hotunanku taro mai zuwa mu duba tare. Gani ya kori ji.