Kodak da Instagram: Mai Tsaron Rumbu da Mai Neman Sabuwar Gona

A watan Janairun 2012, kamfanin Kodak na Amurka, wanda ya shafe sama da shekara 100 yana sayar wa duniya kayan ɗaukar hoto, ya garzaya kotu yana neman kariya daga masu bin sa bashi. Bayan wata uku kacal, Facebook ya sanar da sayen wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Instagram a kan dala biliyan 1. Ma'aikatan Instagram a lokacin su 13 ne, ko rabin ajinku ba su cika ba. Kodak kuwa, a 1988, ma'aikatansa sun haura 145,000. Dukansu da hoto suke cin abinci. To me ya raba su?

Sai mun fara komawa baya, domin da yawanku ba ku tarar da zamanin ba. Kafin wayar hannu, idan mutum zai ɗauki hoto sai ya sayi fim ya saka a kyamara. Fim ɗaya yakan ɗauki hoto 24 ko 36. In ya ƙare a kai wa mai wankin hoto, a biya kuɗi, a jira. Ku tambayi iyayenku yadda ake zaman jiran hoton Sallah. Ribar Kodak ba a kyamara take ba, tana cikin fim da takardar hoto da sinadarin wanki, waɗanda dole a yi ta saye. A tsakiyar shekarun 1970, kusan kashi 90 cikin 100 na fim ɗin da ake sayarwa a Amurka na Kodak ne.

Ana cikin haka, a 1975, wani matashin injiniyan kamfanin mai suna Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, hoton baƙi da fari ne, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kan kaset, sannan a haska shi a talabijin. Wannan ita ce kakar kyamarar da ke cikin wayoyin yau. Sasson ya sha ba da labarin cewa da ya nuna wa shugabanninsa, sun yi ta tambayar wa zai so kallon hotonsa a talabijin, kuma yaushe abin zai kamo fim a kyau. Ya ƙiyasta shekara 15 zuwa 20. Kamfanin ya yi rajistar mallakar fasahar a 1978, amma bai yi gaggawar kai ta kasuwa ba.

Yana da sauƙi a ce shugabannin nan ba su da basira. Ni ban ɗauka haka ba. Manaja mutum ne da aka damƙa wa amana: masana'antu, albashin dubban mutane, da kuɗin masu hannun jari da ke jiran riba duk wata uku. In aka kawo masa sabon abu, tambayarsa ta farko ita ce: nawa zai ci a kasafin bana, nawa zai kawo, kuma me zai yi wa abin da muke sayarwa yanzu? Kyamarar Sasson ta faɗi duka tambayoyin uku. A lissafin manaja, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma shekaru da dama lissafin ya yi daidai, domin fim ya ci gaba da kawo kuɗi har ƙarshen shekarun 1990.

Mai kafa sabuwar sana'a kuwa daga wani wuri yake farawa. Farfesa Howard Stevenson na Jami'ar Harvard ya bayyana shi a matsayin mutumin da ke bin dama ba tare da ya tsaya auna abin da ke hannunsa a yanzu ba. Abin da ya rasa sai ya ara, ko ya yi haya, ko ya jawo mai shi su yi tarayya. Wata malamar jami'a a Amurka, Saras Sarasvathy, ta nazarci yadda ƙwararrun masu kafa kamfanoni ke yanke shawara, ta kuma kwatanta bambancin da girki. Wani mai girkin ana ba shi sunan abinci, ya rubuta kayan haɗi, ya tafi kasuwa ya sayo. Wani kuma leƙa madafa yake yi ya ga me ya rage, ya girka abin da zai yiwu. Na farkon tambaya yake, “Nawa zan samu?” Na biyun kuma, “Nawa zan iya asara ban durƙushe ba?”

Haka Instagram ya faro. Kevin Systrom da Mike Krieger wata manhaja suka fara yi mai suna Burbn, wadda mutum zai riƙa sanar da abokansa inda yake. Ba ta karɓu sosai ba. Sai suka lura cewa 'yan tsirarun da ke amfani da ita sun fi son ɓangaren saka hoto. Suka zubar da sauran, suka bar hoto kaɗai, suka saki Instagram a Oktoban 2010. Ku duba abin da ba su mallaka ba. Kyamarar ta cikin wayar iPhone ce, ta kamfanin Apple. Shagon da ake sauke manhajar ma na Apple ne. Manyan kwamfutocin adana hotuna haya suka yi a wurin Amazon. Ba su da masana'antar da za ta mutu in sun sauya hanya, don haka sauyawar ba ta yi musu ciwo ba.

Wani abin mamaki shi ne Kodak ya riga su zuwa wannan gonar. A 2001 ya sayi Ofoto, wani dandalin ajiye hotuna a intanet. Amma da idon mai sayar da takarda ya kalle shi, ya mai da hankali ga jawo mutane su biya a buga musu hotunan. A 2012 ɗin nan dai ya sayar da dandalin a kan abin da bai kai dala miliyan 25 ba. Kyamarori marasa fim ma ya yi su daga baya, ya sayar da miliyoyi, sai dai ribarsu ba ta kama ƙafar ta fim ba, ga wayoyi kuma sun shigo sun kwashe kasuwar.

Kada wani ya karanta wannan ya ce karatun Kwamas da Akawu ba shi da amfani. Sababbin sana'o'i da yawa mutuwa suke yi tun suna jarirai, kuma ba a rubuta labarinsu a jarida. Wadda ta rayu ta girma, dole ta nemi mai iya kasafi da biyan albashi a kan lokaci, wato manaja. Ɗalibar da ke soya awara bayan an tashi daga makaranta tana buƙatar kawunan biyu: ɗaya ya hango layin da babu mai sayarwa, ɗaya ya hana ta cinye uwar kuɗi.

Manaja ma yana iya aron tunanin ɗan kasuwa. Babban abokin hamayyar Kodak, kamfanin Fujifilm na Japan, ya faɗa cikin irin wannan guguwa. Shugabanninsa suka zauna suka tambayi kansu me suka iya ban da fim. Suka ga cewa ilmin da suka tara na hana hoto koɗewa yana da amfani ga fatar ɗan Adam, domin sinadarin da ake shimfiɗa fim da shi dangin wanda ke cikin fata ne. A 2007 suka fito da man shafawa mai suna Astalift, suka kuma zurfafa a harkar magunguna da na'urorin asibiti. Kodak ya fito daga hannun kotu a 2013 a matsayin kamfani ɗan madaidaici mai harkar ɗab'i da sinadarai. Har yau yana yin fim ga masu shirya finafinai da masu ɗaukar hoton da ke sha'awar tsohon salo.