Katsewar Sadarwa Tsakanin Uwar Garke da Rumbun Bayanai

Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, harkar rajista da duba sakamako ta ƙara karkata zuwa intanet. Saboda haka, malamin da aka tura wata makaranta a Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha yana iya wayar gari an ɗora masa kula da shafin sakamakon ɗalibai.

Irin wannan shafi yana da ɓangarori biyu. Akwai uwar garke, wato na'urar da ke karɓar buƙatar mai bincike ta nuna masa shafi. Akwai kuma rumbun bayanai, inda aka taskace sunaye da makin ɗalibai. Duk lokacin da aka nemi sakamako, sai ta farkon ta aika wa na biyun. Alal misali, ɗan kasuwar da ke zaune a Makera, shagonsa kuma yana Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, dole ya ƙetare Kogin Kaduna. Idan gada ta cushe, hajarsa tana nan lafiya, isa gare ta ne ya gagara. Haka lamarin yake idan shafi ya ce ya kasa haɗuwa da rumbu: galibi makin yara bai ɓata ba.

Abin takaici shi ne, wasu kan yi gaggawar goge manhajar su sake girkawa, a nan ne kuma ake asarar aikin zango guda. Kamata ya yi a fara karanta lambar kuskuren. A manhajar MySQL, lamba 1045 tana nufin an isa rumbun amma ya ƙi amincewa da suna ko kalmar sirri, sau da yawa don an sauya ta a wuri ɗaya an manta da ɗayan. Lamba 2003 kuwa tana nuna ba a ma isa ba. Sai a duba adireshin rumbun, da ƙofa ta 3306 ko katangar tsaro ta toshe ta, da kuma ko rumbun ya tashi bayan ɗaukewar wutar lantarki.

Wadda ta fi rikita malamai ita ce 1040. Komai daidai yake, cunkoso ne kawai, domin a tsarinta na asali MySQL haɗi 151 take ɗauka lokaci guda. Ranar fitar sakamako iyaye sukan yi wa shafin ca. A nan sai a ɗaga wannan adadi gwargwadon ƙarfin na'urar, ko a riƙa sakin sakamakon aji-aji.