Rijiya da Zakara: Tarihin Jam'iyyar Afro-Shirazi a Zanzibar

Kanumfarin nan da muke jefawa a shayi da kunu, shi ne ya yi wa Zanzibar arziki, shi ne kuma ya raba kan mutanenta. Tun da Sarki Sayyid Sa'id na Oman ya dawo da fadarsa tsibirin wajen 1840, manyan gonakin kanumfari suka koma hannun Larabawa, bayin da aka kwaso daga babban yankin Afirka kuma su ne ke aikin. Ingila ta ɗora hannunta a kan tsibiran a 1890, aka soke bauta a 1897, amma gona ta zauna a hannun mai ita.

A cikin wannan hali aka haifi jam'iyyar Afro-Shirazi, wato ASP, ranar 5 ga Fabrairu 1957. Ƙungiyoyi biyu ne suka haɗe: ta Afirkawan da asalinsu daga babban yanki yake, da ta Shirazawa, 'yan asalin tsibiran da ke danganta kakanninsu da birnin Shiraz na Farisa. Jagoranta Abeid Amani Karume tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, bai yi boko mai zurfi ba, amma ya iya magana da 'yan dako da masunta. Tambarinta rijiya. Abokiyar hamayyarta ZNP, ta Ali Muhsin, wadda manyan Larabawa ke mara wa baya, tambarinta zakara. Kusan dukansu Musulmi ne, harshensu ɗaya, Sawahili, amma siyasa ta kai har mutum ya ƙaurace wa shagon maƙwabcinsa.

Tun 1959 ɓaraka ta kunno kai a cikin ASP. Muhammad Shamte ya fice da Shirazawan tsibirin Pemba da dama, ya kafa ZPPP. A Pemba Bashiraje yakan mallaki 'yan itatuwan kanumfarinsa, don haka bai ɗauki Balarabe abokin gaba kamar yadda ɗan ƙwadagon Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ya ɗauke shi ba.

Sai zaɓen Janairu 1961. A mazaɓar Chake Chake da ke Pemba, ASP ta samu ƙuri'a 1,538, ZNP ta samu 1,537. Ƙuri'a ɗaya tak! Da ita ASP ta tashi da kujera 10, ZNP 9, ZPPP 3. 'Yan ZPPP suka rabu, biyu suka bi ZNP ɗaya ya bi ASP, aka yi kunnen doki 11 da 11. Aka sake zaɓe a watan Yuni, ƙawancen ZNP da ZPPP ya yi nasara, rikici ya ɓarke, mutum 68 suka rasa rayukansu.

A zaɓen Yuli 1963 ne tura ta kai bango. ASP ta kwashi kashi 54 cikin ɗari na ƙuri'u, amma kujera 13 kacal ta samu cikin 31, domin ƙuri'unta sun taru a mazaɓun Unguja inda take cinyewa da rata mai yawa, a Pemba kuwa tana faɗuwa da ɗan kaɗan. Da wannan sakamako Ingila ta miƙa mulki ranar 10 ga Disamba 1963, Sarki Jamshid na kan gado, Shamte Firayim Minista. Ni dai ina ganin duk wanda ya ce ba a cuci magoya bayan ASP ba, bai yi adalci ba.

Wata ɗaya gwamnatin ta yi. Ranar 12 ga Janairu 1964 wasu matasa ɗauke da adduna da sanduna, ƙarƙashin John Okello ɗan Uganda, suka fasa rumbunan makaman 'yan sanda. Sarki ya tsere ta teku. Dubban Larabawa da Indiyawa aka kashe ko aka kora, mafi yawansu talakawan ƙauye da masu ƙananan shaguna waɗanda ba su taɓa mallakar gandu ba. Karume ya zama shugaba, ranar 26 ga Afrilu kuma ya haɗe da Tanganyika ta Julius Nyerere, aka samu Tanzaniya, Zanzibar ta riƙe gwamnatinta ta cikin gida.

ASP ta yi aiki, ba a musu. Ta raba wa iyalai gona eka uku-uku, ta mayar da karatu kyauta, ta gina dogayen gidajen Michenzani. Abin da ke ci mini rai shi ne jam'iyyar da aka danne wa ƙuri'a ita ce ta kulle akwatin zaɓe. Ta haramta sauran jam'iyyu, har wasu daga cikin manyanta kamar Kassim Hanga da Othman Shariff aka hallaka su. Karume bai shirya zaɓe ko ɗaya ba har ranar 7 ga Afrilu 1972, da aka harbe shi a hedikwatar jam'iyyar yana zaune da abokansa.

Aboud Jumbe da ya gaje shi ya narkar da ASP cikin TANU, jam'iyyar Nyerere, ranar 5 ga Fabrairu 1977, ranar da ta cika shekara 20 cif, aka samu CCM. Da aka dawo da siyasar jam'iyyu da yawa, a zaɓen shugaban Zanzibar na 1995 Salmin Amour na CCM ya samu kashi 50.2, Seif Sharif Hamad na CUF, ɗan Pemba, ya samu 49.8. Kujerun Pemba kuwa, ko ɗaya magadan Karume ba su ci ba.