Jinyar tsofaffi a gida: yadda Jamus take tallafa wa masu ɗawainiya

A kowace ƙasa ta duniya, idan tsoho ya kwanta doguwar jinya, kamar shanyewar ɓarin jiki ko ruɗewar tsufa, nauyin yakan faɗa kan mutum guda cikin gida, galibi mace: matarsa, ko ɗiyarsa, ko matar ɗansa. Ita za ta yi masa wanka, ta juya shi a shimfiɗa, ta ba shi abinci a baki, ta kwana ido biyu. Aikin ba shi da albashi, ba shi da ranar hutu. Jamus tana cikin ƙasashen da suka yarda cewa wannan ɗawainiya ta shafi al'umma baki ɗaya, kuma wajibi ne hukuma ta sa hannu.

A shekara ta 1994, zamanin shugaban gwamnati Helmut Kohl, majalisa ta amince da dokar kafa asusun jinya, wadda ministan ƙwadago Norbert Blüm ya daɗe yana fafutuka a kanta. Dokar ta soma aiki ranar 1 ga Janairu 1995. Aka fara zuba kashi 1 cikin 100 na albashi, ma'aikaci rabi, mai ba shi aiki rabi. Don a rage wa masu kamfanoni nauyi, aka soke wata ranar hutu ta addini, ban da a jihar Saksoni. Kuɗin jinyar gida aka fara biya, tun watan Afrilu 1995. Na gidajen kula da tsofaffi sai a Yuli 1996.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan iyali suka shigar da buƙata, ana aiko ma'aikacin lafiya ya duba abin da majinyacin yake iya yi da kansa da abin da ya gagare shi. Tun 2017 an kasa majinyata mataki biyar. Daga mataki na biyu, iyali suna da zaɓi: ko a turo ƙwararru su riƙa zuwa gida, ko a ba da tsabar kuɗi, ko a haɗa biyun. Majinyacin ake ba kuɗin, shi kuma ya miƙa wa mai kula da shi. A 2025, mai mataki na biyu ya samu yuro 347 a wata, kimanin jikka 227 na sefa. Mai mataki na biyar, yuro 990, kusan jikka 650.

Tallafin bai tsaya ga kuɗin hannu ba. Wadda take jinya aƙalla awa 10 a mako, kuma aikinta na albashi bai wuce awa 30 ba, asusun yana zuba mata kuɗin fansho, don kada ta tsufa hannu wofi. Idan ta gaji ko ta yi rashin lafiya, ana biyan wanda zai riƙe mata na wasu makonni. Tun 2008 kuma, ma'aikacin kamfanin da ya haura mutum 15 yana iya ɗaukar hutun jinya har wata shida, babu albashi, amma ba za a kore shi ba.

A ƙarshen 2023, masu buƙatar jinya a Jamus sun kai miliyan 5,7, kuma kashi 86 cikin 100 a gida ake kula da su. Sai dai nauyi ya ƙaru. Abin da ake zubawa ya kai kashi 3,6 a 2025, marasa ƴaƴa kuwa 4,2, bisa hukuncin kotun tsarin mulki na 2001, wadda ta ga cewa renon yara shi ma gudummawa ce ga asusun. Duk da haka, kuɗin ba sa rufe dukan buƙata, har iyalai da dama suna ɗauko mata daga Polan da sauran ƙasashen gabashin Turai su zauna da tsofaffinsu. Japan kuwa, da ta kafa nata asusun a 2000, ta ƙi biyan iyali kuɗin wata, don gudun kada a ɗaure mata a gida da sunan tallafi.

A Nijar, zumunci ne asusun jinya, amma zumuncin yana shan matsi: samari sun tafi bida, ma'aikaci yana aiki a Yamai tsohuwarsa tana Tawa ko Damagaram. Asusun CNSS na masu albashi ne. Ɗan kasuwa da manomi galibi ba sa ciki. Maganin kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, da aka soma a 2006, ya nuna cewa hukuma tana iya ware wasu jama'a ta tallafa musu. Jinkirin biyan gidajen likita da ya biyo baya ya nuna cewa alkawari sai da asusu. Darasin Jamus ke nan: tun ranar farko aka faɗi inda kuɗin za su fito. Kafin a kai can, akwai abin da bai fi ƙarfin kowa ba: ma'aikatan lafiya su koya wa iyali yadda ake juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo, a ba ma'aikaci hutun jinyar iyayensa, ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuma su ware wa wannan lalura kaso cikin adashinsu.